SAURAREN JININ ƘARI: YADDA AKE AUNA GUDUN JINI DA NA'URAR HOTON SAUTI



An nemi in yi magana a kan wata na'ura wadda kusan kowa a nan ya san ta, ko dai an duba shi da ita, ko kuwa ya raka wani an duba shi. Ita ce wadda jama'a ke kira sikanin, wadda aka fi saninta wajen duba mata masu juna biyu. Ni kuwa zan kira ta na'urar hoton sauti, domin da sauti take aiki. Abin da na yi niyyar bayyanawa shi ne yadda ake amfani da ita a auna gudun jini a cikin ƙari, watau tsiron naman nan da ke fitowa a jikin mutum inda bai kamata ba, wanda wani lami lafiya ake zaune da shi, wani kuwa shi ne ciwon daji. Jigon maganata guda ne: ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa jini, na'urar kuwa tana iya ganin jinin nan, ta auna shi, amma fa ita shaida ce, ba alƙali ba. Wanda ya ɗauke ta alƙali zai cuci majiyyaci, wanda kuma ya raina shaidarta shi ma zai cuce shi.

Ƙari da abincinsa

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi ya san cewa shinkafar da ke gab da gulbi danshin ƙasa ma yana iya riƙe ta ɗan lokaci, amma in gona ta yi nisa, ko ta faɗaɗa, tilas a haƙa mata hanyar ruwa, in ba haka ba ta ƙone. To, haka naman jiki yake. Iskar da muke shaƙa da abincin da muke ci jini ne ke kai su ko'ina, kuma in sun fita daga jijiya ba sa iya ratsa nama fiye da ɗan taƙi ƙanƙane, wanda bai kai rabin milimita ba. Saboda haka ƙari sabon tsiro yana iya rayuwa da abin da ya tsatso daga maƙwabta, amma da ya kai milimita 1 zuwa 2, watau kamar ƙwayar gero, sai ya tsaya cik, sai fa in ya sami hanyar jini tasa ta kansa.

Wani likitan fiɗa na Boston a Amurka, mai suna Judah Folkman, shi ne ya tsaya a kan wannan magana, ya buga ta a 1971. Ya ce ƙari yana fitar da wani sinadari wanda ke kiran jijiyoyin da ke kusa su tsiro su nufo shi, kuma in aka toshe wannan kira ana iya hana shi girma. Da farko abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba. Amma a 1989 Napoleone Ferrara da abokan bincikensa suka tsamo ɗaya daga cikin manyan sinadaran nan, wanda aka sa wa suna VEGF, sa'an nan a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko da aka yi musamman don toshe shi.

Abin lura a nan shi ne jijiyoyin da ƙari ke jawowa ba kamar na lafiyayyen nama suke ba. Na lafiyayyen nama a tsare suke, babba ta haifi matsakaiciya, matsakaiciya ta haifi ƙarama, kamar rassan itace. Na mugun ƙari kuwa aikin gaggawa ne: a murɗe suke, wani wuri faɗi wani wuri tsukuku, bangonsu sirara ne marasa isasshiyar tsoka, suna yoyo, wani lokaci ma mai kawo jini takan zarce cikin mai mayar da shi ba tare da ta bi ta ƙananan hanyoyi ba. Wannan rashin tsari shi ne sawun da likita ke bi.

Daga jemage zuwa asibiti

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa har sau 20,000 a daƙiƙa guda. Abin da ya wuce haka ba ma jin sa. Tun 1794 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya nuna cewa jemage da kunne yake gane hanyarsa cikin duhu, ba da ido ba. Daga baya aka gane cewa kuka yake yi wanda ya fi ƙarfin jinmu, ya saurari amsa-kuwwar da ta dawo. A 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai wasu duwatsu masu ƙyalli waɗanda in an matsa su sai su ba da lantarki. Ba a daɗe ba aka tabbatar cewa in an sa musu lantarki su ma sai su motsa. Irin wannan abu ne ke cikin kan na'urar da ake ɗora wa mutum a ciki. Shi ke aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 15 a daƙiƙa, shi kuma ke karɓar amsa-kuwwa. Da yake sauti yana tafiya cikin naman jiki da saurin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, na'ura tana lissafa lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo, ta san zurfin abin da ya mayar da ita, ta zana hoto.

Mutane sun ɗauka don masu ciki aka ƙera na'urar nan, alhali kuwa da ƙari ta fara suna. Ian Donald, likitan mata a Glasgow, tare da John MacVicar da injiniya Tom Brown, su suka buga sakamakon aikinsu a 1958 a kan binciken kumburin ciki. Cikin waɗanda suka duba har da wata mata da aka riga aka yanke cewa tana da dajin tumbi wanda ya wuce fiɗa. Na'ura ta nuna jakar ruwa ce babba a gidan ƙwai. Aka yi mata aiki, aka cire, ta tashi.

Dabarar Doppler

Hoto yana nuna siffar ƙari da girmansa, amma ba ya nuna motsin jini. Wannan sai da wata dabara dabam. In mutum yana tsaye a bakin titin Argungu, babbar mota ta taho daga Sakkwato tana danna oda, zai ji muryar odar ta yi sama, siririya, muddin motar na nufo shi. Da ta wuce shi ta miƙa Birnin Kebbi sai ya ji muryar ta faɗo, ta yi kauri. Direba kuwa murya ɗaya yake ji tun farko har ƙarshe. Dalili shi ne abin da ke tahowa yana tattara igiyoyin sautinsa a gabansa, su matsu, abin da ke tafiya kuwa yana jan su, su yi tsawo. Christian Doppler, ɗan Ostiriya, shi ya bayyana wannan a birnin Prague a 1842, yana magana a kan hasken taurari. A 1845 wani masani ɗan Holan, Buys Ballot, ya jarraba maganar da mabusa ƙaho da ya ɗora a jirgin ƙasa kusa da Utrecht, aka ji ta tabbata.

Jajayen ƙwayoyin jini su ne motarmu. In sautin na'ura ya faɗa musu suna tafe, amsar da za ta dawo ba daidai take da wadda aka aika ba, kuma bambancin gwargwadon saurinsu yake. Alal misali, in an aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 5, jinin kuma yana nufo kan na'ura sosai da saurin santimita 30 a daƙiƙa, bambancin zai kai kusan kaɗawa 2,000. Wannan kuwa cikin abin da kunne ke ji yake, shi ya sa na'ura ke iya fitar da shi a lasifika, likita ya saurari wucewar jini kamar hucin iska. Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Japan shi ya fara amfani da dabarar a jikin mutum cikin shekarun 1950, a kan zuciya, sa'an nan a kan jijiyoyi. A 1977 Peter Wells da abokan aikinsa a Bristol ta Ingila suka ba da labarin cewa sun ji wani irin sautin jini dabam a gefen dajin nono. A farkon shekarun 1980 injiniyoyin Japan suka fito da hanyar shafa wa hoton launi. A nan zan ja hankalin ɗalibai: ja a allon na'ura yana nufin jinin da ke nufo kanta, shuɗi kuwa wanda ke guje mata. Ba ya nufin jini mai kyau da marar kyau, kuma ba ya nufin daji.

Me ake aunawa?

Abu na farko shi ne ko akwai jini a cikin ƙullin ko babu, da yadda jijiyoyin suka shiga. Ƙullin da jijiya ɗaya ko biyu suka zagaye gefensa a tsare dabam yake da wanda jijiyoyi suka keta tsakiyarsa ta ko'ina a murɗe. Masu duba gidan ƙwai na mata sukan ba da maki daga 1, watau babu jini, zuwa 4, watau jini mai yawa ƙwarai. A 1994 aka yaɗa wani salo mai suna Doppler na ƙarfi, wanda ba ya damuwa da inda jini ya nufa, sai yawan ƙwayoyin da ke motsi, don haka ya fi kama ƙananan jijiyoyi.

Abu na biyu shi ne sauri. Likita yakan zaɓi jijiya guda, na'ura ta zana masa tudu da kwari: tudu lokacin da zuciya ta matsa, kwari lokacin da ta saki. A nan kusurwa ita ce komai. In sauti ya bi tsawon jijiya, awo ya cika. In ya same ta a kusurwar digiri 60, rabin bambancin kaɗai zai dawo, sai na'ura ta gyara da lissafi. In kuwa ya gitta ta a digiri 90, sai a ga kamar jini ba ya tafiya sam. Saboda haka ƙa'ida ita ce kada a wuce digiri 60.

Abu na uku shi ne ma'aunin turjiya, wanda Léandre Pourcelot na Faransa ya fito da shi a 1974. A ɗauki saurin tudu, a cire saurin kwari, a raba abin da ya rage da saurin tudu. In tudu 40 ne kwari 20, ma'auni ya zama 0.5, in kwari 8 ne, ya zama 0.8. Ƙaramin adadi yana nufin hanya a sake take a gaba, babba yana nufin jini yana fama da turjiya. Amfanin wannan ma'auni shi ne kusurwa ba ta ɓata shi, tun da kuskuren da ya shafi tudu shi ya shafi kwari.

Abu na huɗu shi ne jinin da ke ratsa hanyoyin da suka fi gashi sirantaka, inda saurinsa bai wuce kamar milimita guda a daƙiƙa ba. Doppler na yau da kullum ba ya jin wannan. Tun 1968 Gramiak da Shah a Amurka suka lura cewa ƙananan kumfa cikin jini suna mayar da sauti da ƙarfi ainun. A yau ana yin allurar wani ruwa mai ɗauke da kumfan iska waɗanda ba su kai jar ƙwayar jini girma ba. An amince da irinsa mai suna SonoVue a Turai a 2001. Likita yakan sa agogo, ya ga daƙiƙar da kumfan suka shiga ƙarin, da yadda suka cika shi, da lokacin da suka fice. Bayan 'yan mintoci iskar takan fita ta numfashi.

Abin da ya shafe mu a kwarin Rima

Yanzu bari mu dawo gida. Gulbin da ya ba mu shinkafa da kifi, wanda saboda shi ake taruwa a Matan Fada tun 1934, shi ne kuma ke ɗauke da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Yaro ya yi wanka ko su, tsutsar ta huda fatarsa, ta girma, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a 1911 A. R. Ferguson ya danganta ta da dajin mafitsara a Masar. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin tabbatattun masu haddasa daji a 1994. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake tura majiyyata da yawa daga Jihar Kebbi, sun rubuta a kan yawan dajin mafitsara a wannan yanki da alaƙarsa da tsargiya. Haka kuma a nan kusa da mu, a Yamai, aka yi taron masana a watan Oktoba na 1996, inda aka tsara ƙa'idar duba masu tsargiya da na'urar hoton sauti, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga.

Mu ƙaddara wani magidanci masunci, mai shekara hamsin, ya ga jini a fitsarinsa. Ba zai firgita ba, domin ya ga irinsa yana yaro, sa'o'insa duka sun gani. In ya zo asibiti aka cika masa mafitsara da ruwan sha aka duba, aka ga dunƙule a ciki, tambaya ita ce: gudan jini ne ko nama? Gudan jini ba shi da jijiya, kuma in aka juya mutum yakan mirgina. Ƙari kuwa a manne yake, kuma sau da yawa akan ga jijiya ta shiga ta gindinsa tana bugawa. Wannan awo na 'yan mintoci shi zai sa a gaggauta tura shi a leƙa mafitsarar da madubi a ɗebo nama, maimakon a ba shi maganin tsargiya a sallame shi. Jini a fitsarin babba ba abin jira ba ne.

Na biyu ita ce hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma, ga kuma dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. In biyun suka haɗu haɗarin dajin hanta yakan ninka. An sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara a Nijeriya a 2004, watau manya da yawa ba su same shi ba. Hanta tana da hanyar jini biyu: kimanin kashi uku cikin huɗu daga hanji yake zuwa, kashi ɗaya daga jijiyar da ta taso daga zuciya. Dajin hanta kuwa daga wannan ta biyun yake sha. Don haka in an yi allurar kumfa sai ya riga sauran hanta haskakawa, daga baya kuma ya dushe ya bar ta da haske. Wani ƙulli marar illa, wanda tarin jijiyoyi ne kawai, shi daga gefe yake cika sannu a hankali zuwa tsakiya. Ko inda babu allurar kumfa, Doppler yana nuna ko babbar jijiyar da ta fito daga hanji ta toshe, abin da ke sauya irin maganin da za a yi. Shawarar masana ita ce mai hantar da ta ƙanƙance a duba shi kowane wata shida.

Na uku shi ne nono, wanda dajinsa ya fi kowane daji yawa a matan Nijeriya. An yi aikin wayar da kai a jihar nan, musamman ta hannun Gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda a 2024 aka zaɓa ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Duk da haka har yanzu ana jin maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, sai mace ta ɓoye ƙulli har ya fashe. To, na'urar hoton sauti ba ta yanka, ba ta huda, kuma ba ta da irin hasken hoton ƙashi. Ita ke rarrabe jakar ruwa da dunƙulen nama. In kuma ya zama dole a ɗebo nama, ita ke nuna wa allura hanya, ta kauce wa manyan jijiyoyi, ta nufi sashen da ke da rai, domin tsakiyar babban ƙari sau da yawa matacce ne, namansa ba ya ba da amsa. Abin da ke yaɗa daji shi ne jinkiri.

Iyakar na'ura

Na ce shaida ce, ba alƙali ba, ga dalili. A farkon shekarun 1990 an yi ɗokin cewa ma'aunin turjiya da ya gaza 0.4 ya isa ya tabbatar da dajin gidan ƙwai. Da aka faɗaɗa bincike sai aka ga gidan ƙwai mai lafiya ma yakan ba da irin wannan adadi bayan ya saki ƙwai. A nono kuwa mugun ƙari sau da yawa babban adadi yake bayarwa. Ashe babu lamba guda da za a rataya rai a kanta. Bugu da ƙari, duk inda ke da kumburi jini yakan yi yawa: maruru, da kaluluwar tarin fuka, da nonon mai shayarwa da ya yi ciwo, duk suna iya cika allo da launi. Wani mugun ƙarin kuma jininsa kaɗan ne, ya yi shiru kamar ba kowa.

Sa'an nan ga hannun mai awo. In ya danna kan na'ura da ƙarfi, ƙananan jijiyoyi sun lanƙwashe, jini ya ɓace. In ya saita ta don jini mai sauri, mai tafiyar hawainiya ba zai fito ba. In ya buɗe ta da yawa, numfashi ma sai ya zama launi. In yana son yawan jini, ba saurinsa kaɗai ba, sai ya auna faɗin jijiya, kuma kuskuren kashi 10 cikin 100 a faɗi yakan zama kashi 21 a sakamako. Saboda haka hukunci na ƙarshe yana wurin likitan da ya duba naman a madubin ƙara girma.

Kammalawa

Abin da nake roƙo uku ne. Ga hukumomi: na'urar nan ta yi araha, ta yi sauƙin ɗauka, har akwai mai aiki da batir, saboda haka kai ta manyan asibitocin ƙananan hukumomi ba abu ne mai wuya ba, amma kuɗin da aka kashe wajen sayenta asara ne in ba a kashe irinsa wajen horar da mai riƙe ta ba, da shirya hanyar da naman da aka ɗebo a Argungu zai isa ɗakin bincike, amsa ta dawo cikin kwanaki. Ga ɗalibai masu koyon aikin: ku rubuta abin da kuka gani da yadda kuka auna shi, kada ku rubuta wa mutum daji da launi kaɗai, kada kuma ku sallame shi don ba ku ga launi ba. Ga sauran jama'a: ƙari yana fara neman jini tun yana kamar ƙwayar gero, mu kuwa sau da yawa sai ya kai goruba muke kawo shi. Tsakanin gero da goruba nan ne magani ya fi ci. Wanda ya ji ƙulli, ko ya ga jini a fitsari, ko ya san yana da ciwon hanta, ya zo tun da sauran dama.